Allurar da Ta Warkar da Rago Ta Ƙi Taubashina

Sana'ata dillancin dabbobi. A karar Illela, kasuwar dabbobin garinmu, na koye ta, ba gadonta na yi ba, kuma abu na farko da kara ta koya mini shi ne in leƙa bayan duk abin da aka miƙo mini. Na ga ragon da aka ɗura wa ruwan kanwa don cikinsa ya taso. Na ga saniyar da aka raba da ɗanta tun jiya don hantsarta ta cika idon mai saye. Na ga tsohon sa da aka kankare wa ƙaho da fasasshiyar kwalba har ya koma kamar ɗan bana. Wanda ya daɗe yana ganin irin wannan, zargi yakan zame masa kamar hula, da shi yake fita kullum. Ban taɓa ganin aibun haka ba, don da shi na gina gida, da shi na sauke farali. Sau ɗaya ne na rasa inda zan ɗora zargina, shi ne shekarar da taubashina ya kusa rasa ƙafarsa.

Ɗan kawuna ne, a Lafani yake, kuma sa'ana ne. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har furfura ta fito mana ba a raba gardamar ba. Shi manomi ne, gero da damina, albasa da rani. Shi nake kai wa ragunan da nake so a yi mini kiwonsu zuwa layya. Nakan sayo su ramammu, ya ɗaure su a turke ya yi ta ba su dusa da harawa, kafin Sallah sai ka rantse ba su ba ne. Yana kirana ɓarawon rana, ina kiransa baƙauye, kuma ba wanda yake fushi.

Wani rago balami mai ƙarfi ne ya fizgi igiya, ta zarge masa ƙwaurin hagu ta ɗaye fata kaɗan. Ba ciwon da za a zauna a kansa ba ne. Sai dai gidansa dama gidan maruru ne. Yau ya fito a wuyan wannan yaro, gobe a hammatar wancan, shi kansa ƙeyarsa duk tabo. In ya fito sai a aika kemis a sayo kafso, a haɗiyi kaɗan, a buɗe ɗaya a barbaɗa garin a bakin ƙurjin. Da ya lafa sai a soka sauran a jikin rufin ɗaki don wata rana. Haka ake yi a Lafani, haka ake yi a Illela, haka ake yi a gidana.

Na je duba raguna na iske shi zaune gindin darbejiya ya miƙe ƙafa. Ƙwaurin ya kumbura, fatar tana sheƙi. Na ɗora bayan hannuna, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Kai baƙauye, mi ya samu ƙafa? Ko ragunana sun gane ba ka iya kiwo ba sunka hukunta ka?"

"Halin mai su sunka ɗauko," ya ce. "A ciyar da su, su juyo su cuci mutum."

"Ka sha magani?"

Ya sa aka kawo mini takardun kafson da ya shanye, ba ko ɗaya a ciki. Har allura ya ce an yi masa, mai kemis ɗin da suke saye wurinsa yakan zo a babur ya yi masa ya koma. Ƙafa kuwa kullum gaba take yi.

Nan take raina ya ba ni jabu ne. Na san yadda kaya suke ratsa iyakar nan. Na ga kwalin magani an ɗaure shi bayan babur ya wuni yana gasuwa a rana. Na ga masu talla sun jera kafso a faranti kamar goro, ja da rawaya da baƙi, mai saye ya zaɓi launin da ya yi masa. Na sa aka zaro wani da ya rage a rufin ɗaki, na buɗe na ɗanɗana garin. Da ɗaci. Amma ɗaci ba shaida ba ne, ɓawon maɗaci ma yana da shi.

Na wuce wurin mai kemis. Na ajiye masa takardun a kan kanta ban ce komai ba, don a ciniki wanda ya fara magana shi yake fara tona kansa.

"Alhaji, lafiya dai?"

"Ina kake saro wanga?"

"Sakkwato, Alhaji. Wallahi tallahi wurin manya nike ɗauka, ko ɗiyana shi nike ba su."

"A kara ma kowa rantsuwa shikai. To don mi bai yi aiki ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi ma abin yana ba shi mamaki, a da wannan kafson da an sha maruru yake kwanciya, yanzu sai mutum ya shanye ya dawo ya ce a canza masa. Na kalli idonsa. Bai kauce ba, amma na san masu ƙaryar da idonsu ba ya motsi.

Washegari na yi canjin sefa na tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni. Na nemi babban shagon magani, mai ƙofar gilashi da sanyi a ciki, wanda kowane kwali yake liƙe da rubutun Faransanci. Na nuna musu takardar kafson da kwalbar allurar, na ce irinsu nake so, amma na gaske. Suka ba ni. Na duba bakin kowane kwali da farce kamar yadda nake duba kofato. Na kai Lafani da hannuna, na ce masa ga na masu hankali, ya sha ya daina wahalar da mutane.

Ban ga canji ba. Kumburin ya fashe da kansa ta gefe guda, mugunya tana tsiyaya, amma sama da wurin yana nan tauri kamar dutse. Zazzaɓi ya shigo. Matarsa ta aiko mini cewa tuwo ma ya daina ci.

A sana'ata, in ina shakkar wani abu, sabuwar dusa ce ko gishirin lasa, ba na tambayar mai sayarwa. Dabba ɗaya nake warewa in gwada a kanta, ita ba ta iya ƙarya ba. A lokacin akwai wani rago uda a garkena na gida da ya yi karo da ɗan'uwansa, kafaɗarsa ta tara ruwa ta yi ƙurji babba, ya daina kiwo. Na ɗauki kwalba ɗaya daga cikin allurar Ƙwanni. Na gasa wuƙa na tsaga ƙurjin, na matse shi tas, na wanke da ruwan gishiri kamar yadda muka saba, sannan na danna masa allurar, na ci gaba da yi masa. Kafin kasuwar Lahadi ta zagayo, rago ya miƙe yana ture 'yan'uwansa a wurin harawa.

To, magani yana da rai ke nan. Na gani da idona. In kaya suna da kyau ciniki ya ɓaci, sai a duba mutum. Taubashina mutum ne da ya fi tausayin dabba a kan kansa, kuma tun yana yaro ba ya son haɗiyar ƙwaya. Na ce a raina ko dai zubarwa yake, ko yana jiƙa wa raguna a ruwa. Na ɗauki mota na ɗauko shi, na kawo shi Illela, na sa aka gyara masa ɗakin da ke jikin zaurena. Duk lokacin shan magani ni nake ɓare shi in sa masa a tafin hannu in tsaya a kansa.

"Haɗiye. Buɗe baki. Ɗaga harshe."

"Duba haƙoran ma," ya ce. "Ka faɗi shekaruna, ka yi mini kuɗi, ka kai ni kara. Allah ya sa ka faɗi."

"Wa za ya saye ka? Ko kyauta anka ba mahauci sai ya nemi ƙari."

Mai allurar ma ban ƙyale shi ba. A gabana yake fasa kwalba, a gabana yake zuƙa, don na san ana iya danna wa mutum ruwan zalla a sa kwalbar a aljihu. Kowace ƙwaya ta shiga, kowace allura ta shiga, ni shaida ne. Ƙafa ba ta ji ba. Jan ya haura sama, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ya daina iya taka ƙasa ko da sanda.

Masu zuwa dubiya suka fara magana ƙasa-ƙasa a zaure. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce ya taka wani abu a gona. Ban kore maganar ba, na auna ta kamar yadda nake auna kowane zance: wa zai ci riba? Ba ya rigimar gona da kowa, ba ya neman sarauta, ba ya neman matar wani. In ƙafarsa ta tafi ba wanda zai ƙaru da ko zangarniyar gero. Na bari malamin unguwarmu ya yi masa addu'a, ya sha rubutu, don wannan ba ya ɓata komai. Amma zargina bai zauna a nan ba, kuma ban sami wani wurin da zan kai shi ba. Magani na gaske, mutum yana sha, ciwo yana gaba. Ban taɓa shiga ciniki irin wannan ba.

Na kai shi asibitin garinmu. Ma'aikacin da ya fito wurin mota ya kwance tsumman ƙafar bai daɗe yana kallo ba. Ya ja ni gefe ya ce kada mu kwana, mu wuce Sakkwato. Ya ce in abin ya shiga ƙashi ya yi nisa, ba a cika tsira da ƙafar ba, yanke ta ake yi don a ceci mai ita. Taubashina yana kwance a bayan mota, amma kunnensa lafiya lau, ya ji. Muka kama hanyar Sakkwato ta Gwadabawa.

A babban asibiti likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta ma kai 'yar farina shekaru ba. Daga maganarta ka san 'yar cikin gari ce, irin gidajen da kakanni suka yi alƙalanci jikoki suke aikin gwamnati. Ta gaishe shi da Baba, ni ta ce mini Alhaji. Ta tambayi abin da ya sha. Na zazzage mata leda guda a kan tebur, kwalaye da takardu da kwalabe, na Illela gefe, na Ƙwanni gefe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, ba ta yi faɗa ba.

"Alhaji, ka sha wahala, amma abu ɗaya ka yi ta saye. Wannan da wannan da wancan duk 'yan gida ɗaya ne, riga ce ta bambanta. Ina zaton ƙwayar cutar da ke ƙafar nan ita ce muke kira sitaf, kuma irin wadda ta gagari 'yan gidan nan ce gaba ɗaya."

Da na ji sunan sai na gyara zama. Na san shi. Duk ranar kasuwa akwai mai mota da lasifika a bakin kara yana kwarmaton sitaf, wai ita ke kashe ƙarfin maza, ita ke hana mata haihuwa, ga kwalbar da ke wanke ta cikin mako. Na ce a raina, ashe har nan kasuwar ta iso, sun dai sa mata farar riga.

"Likita, wanga suna na san shi. Mai lasifika na garinmu shi yake saidawa. Ke kuma wace kwalba za ki ce in saya?"

Ta yi dariya har ta dafe tebur.

"Ni ba ni da kwalba, Alhaji. Sunan ya ara, bai san mai shi ba. Ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana zaune a fatar mutane da yawa ba ta yi musu komai. In ta sami ƙofa, kamar inda igiya ta ɗaye, sai ta shiga ta tara mugunya. Ita ce maruru. A da waɗannan magungunan suna kashe ta. To an yi ta ba ta su kaɗan-kaɗan, a sha yau a bari gobe, masu rauni suka mutu, masu taurin kai suka rage suka hayayyafa. Jikokinsu ne a ƙafar Baba, in zatona ya yi daidai."

Maganar ta shiga, don na san yadda kaska take gagarar maganin da aka saba fesa mata. Amma ina da shaida a hannu, sai na fito da ita. Na ba ta labarin uda, yadda allurar nan da ta ce ba ta aiki ta tashe shi cikin 'yan kwanaki.

"Da ka yi masa allurar, ƙurjin fa? Haka ka bar shi?"

"A'a. Na tsaga na matse na wanke."

"To wa ya gaya maka ba wuƙar ce ta warkar da shi ba? Ƙurji in ya tara, fitar da mugunyar shi ne rabin magani, wani lokaci ma shi ne duka. Sannan cutar da ke kafaɗar ragonka ba lalle ita ce a ƙafar ɗan'uwanka ba. Allurar tana iya zama ta gaske, ta kashe waccan, ta kasa wannan."

Taubashina daga kan gado ya ce, da muryar da ta rage masa, "Likita, ƙara gaya mishi. Da rago ya auna ni."

Gwajin da na dogara da shi bai tabbatar da komai ba, wannan na gane. Amma rushewar shaidata ba ta sa maganarta ta zama gaskiya ba. Ta ce za su shiga da shi su buɗe wurin su kwashe mugunyar, su ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji a shuka ta, a ga wane magani ne yake kashe ta. Sakamako sai bayan 'yan kwanaki. Kafin nan za ta fara masa wani na daban ta jijiya, bisa zato. Jira 'yan kwanaki magana ce da na sani. Ita nake gaya wa mai saye in ina neman wanda zai fi shi tayi.

"Wanga abin da za ku ɗiba, ni zan kai shi da hannuna. Kuma in ya tsiro, ina son in gani."

"Alhaji, ba a taɓa tambayata haka ba."

"Ni kuma ban taɓa sallama dabbar da ban shafa ba."

Ta dube ni, ta ce kaiwa dai ma'aikaciya za ta kai, amma in bi ta in ina so. Gani kuma za ta roƙa mini.

Da aka zo tura shi ɗakin tiyata, ya kama bakin rigata ya jawo ni har kunnena ya kusa bakinsa.

"Kai da ba ka yarda da kowa ba, yau ranarka ce. In sunka sa ni barci, kada ka bari su tafi da ita. Gurgu ba ya ban ruwan albasa."

Na ce masa ba mai taɓa ta sai da sanina. Na sa likitar ta maimaita a gabansa cewa yau buɗewa kawai za a yi. Na zauna a kan benci ina kallon ƙofar, duk wanda ya fito da wani abu a rufe sai na bi shi da ido. Da aka fito da shi, kafin in dubi fuskarsa sai da na ɗaga mayafin na ga tafin ƙafa biyu.

Likitar ba ta ɓoye mini ba. Ta ce cutar ta taɓa fuskar ƙashin, sun kankare abin da ya lalace. Ko ƙafar za ta zauna ko ba za ta zauna ba, ya dogara ga samun maganin da ƙwayar take ji, da wuri. Na bi ma'aikaciyar da ta ɗauki 'yar kwalbar har ƙofar ɗakin gwaji, na haddace lambar da aka rubuta a jikinta.

Kwanakin jiran ba su yi daɗi ba. Zazzaɓin ya ɗan sassauta bai tafi ba. Duk wanda ya zo canza ledar ƙarin ruwa sai na sa ya nuna mini abin da ya zuba a ciki, ko da yake ba karantawa nake yi ba. Ma'aikatan ɗakin suka sa mini suna Alhaji Kwastan. Ban damu ba.

Ranar da sakamako ya fito, likitar ta cika alkawari. Ta kai ni bakin tagar ɗakin gwajin, wani ma'aikaci ya ɗago wani ɗan faranti mai murfi ta bayan gilashi. Na fara duba lamba, ita ce. Cikin farantin wani abu ya tsiro ya rufe ko'ina, launin ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗu kamar ciyawar farkon damina a fili. An jera wasu 'yan ƙananan takardu farare masu kewaye a kansa. Ta ce kowace takarda an jiƙa ta da magani iri guda.

Ban buƙaci dogon bayani ba. In ka kafa turke a fili mai ciyawa ka ɗaure lafiyayyen rago, kafin yamma zai cinye kewayensa ya bar da'ira fes iya tsawon igiyarsa. In mara lafiya ka ɗaure, za ka dawo ka iske ciyawa har gindin turken. Haka farantin yake. Wasu takardun, tsiron ya zo har jikinsu ya kwanta kamar ba komai a wurin.

"Wannan," ta nuna ɗaya daga cikinsu, "ita ce mai wakiltar gidan su kafsonka, na Illela da na Ƙwanni."

Ko tsinin allura ba ta ci ba. Ta nuna wata mai 'yar siririyar da'ira, ta ce shi ne wanda ta fara masa bisa zato, yana taɓawa amma bai isa ba. Sannan ga wasu biyu da suka share kewayensu fes, fili mai faɗi, ba ko ɗigo.

Na daɗe ina kallo. Mai kemis bai cuce ni ba, mutanen Ƙwanni ba su cuce ni ba, taubashina bai zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. Duk zagayen da na yi ina neman wanda ya yi mini maguɗi, mai maguɗin yana cikin ƙafar, kuma ba shi da fuskar da zan kalla in gane. Na tambaye ta ko waɗannan biyun ma wata rana tsiron zai iya zuwa jikinsu. Ta ce ƙwarai, in aka yi musu irin riƙon da aka yi wa na farko, shi ya sa ba a ba da su sai an gwada.

A ranar aka canza masa magani zuwa ɗaya daga cikin biyun. Ban ce na yarda ba, na ce mu gani. Na sa alama da biro a fatarsa daidai inda jan ya tsaya, kamar yadda nake sa wa dabba fenti. Kullum da safe nakan duba. Da farko jan ya tsaya a kan alamar bai wuce ba. Daga baya ya fara janyewa ƙasa, ya bar layin biron shi kaɗai a kan fata mai lafiya. Kaluluwar ta sace. Wata safiya na shigo na iske shi yana faɗa da matarsa a waya kan wanda aka bar wa raguna, wai yaron ba ya tankaɗe dusa.

Jinyar ta yi tsawo. Bayan na jijiya aka koma na haɗiya, makonni, don ta ce ƙashi ba ya saurin sakin cuta. Da ya ji ƙarfi sai ya fara cewa ya warke, a bar sauran a ajiye saboda yara in maruru ya fito musu. Likitar ta ji, ta tsaya a kansa.

"Baba, wannan ajiyar ce ta kawo ka nan. In ka rage ko kaɗan, waɗanda suka saura a ƙashin su ne za su koyi wannan ma. Daga shi kuma abin da ya rage mana ba yawa."

"Kin ji, Likita, ki bar ni da shi," na ce. "Na iya buɗe mishi baki."

Da aka ɗauki hoton ƙafar na ƙarshe, ta ɗaga shi a haske ta daɗe tana dubawa. Ta ce ƙashin yana cikowa, ƙafa ta zauna. Idon sawun ne ba zai koma lanƙwasuwa kamar da ba, zai riƙa ɗingishi, zaman tahiya kuma sai dai ya miƙe ta. Taubashina ya rufe fuska da hannu biyu yana hamdala. Ni na tambayi abin da ya dame ni.

"Ta mutu ke nan? Ta ƙare?"

"A ƙafar, ina sa rai. A gidan, ban sani ba. Tana iya zama a cikin hancin mai lafiya bai sani ba, daga nan ta bi hannu ta koma fata. Kowa ya riƙe sosonsa da rezarsa, a daina barbaɗa kafso a ƙurji, wanda ya yi maruru babba a kawo shi a buɗe. Fiye da haka ba zan yi maka alkawari ba."

Na yi shekaru ina sauraron masu kaya, ban cika jin wanda ya ce bai sani ba a kan hajarsa. A nan ne na yarda da ita, a ranar sallama, bayan an gama komai.

Na mayar da shi Lafani da hantsi. Tun kafin mu shiga gari ya ce in tsaya a bakin fadama. Na zagayo zan kama shi, ya ture hannuna. Ya sauko da ta dama, sannan ya sauko da ta hagu a hankali, ya aza ta a ƙasa, ya saki ƙofar motar. Ya tsaya. Ya ɗingisa har bakin kwamin albasar, ya duƙa ya tsinke wani ganye da ya yi rawaya, ya juyo yana nuna mini shi.

"Dubi abin da sunka yi mini da gona. Kai kuma mi kake kallo a fuskata?"

"Hancinka nike kallo."

"To ka yi ta kallo. Miƙo mini fartanyar can."

Na miƙa masa.